Maƙaryata Ashirin da Uku da Taswira Ɗaya

A garin Havre-Zidore, can bakin tekun kudancin Nova Scotia, ba a haifi wanda ya taɓa jin Ozite Surette ta ce yau an yi kamu ba. Shekara arba'in da ɗaya tana tuƙa jirginta, amsarta kuwa guda ce. Jirgin zai shigo tasha yana nishi don nauyin lobsta, wato ƙaton jatan landen teku mai tsada, akwatuna jere har ƙofar ɗakin tuƙi, wani ya leƙo daga kan gadar tasha ya ce, "Kyaftin, yaya ruwa?" Sai ta ɗago fuska kamar wadda aka aiko wa saƙon rasuwa.

"Ruwa ya mutu, ɗan'uwa. Na miya kawai muka samo."

Gado ta yi. Ubanta Anselme ya fara shiga da ita teku tun tana 'yar shekara tara, don Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ita kuma ba ta zaman gida. Karatun farko da ya ɗora mata shi ne, abu biyu ba a nuna wa maƙwabci: cikin tukunya da wurin zuba tarko. Karatu na biyu, yadda ake gano wani tudu da ke ƙarƙashin teku. Zamanin babu na'ura. Sai a yi ta tuƙi har hasumiyar coci ta tsaya daidai ƙarƙashin wani dogon itace da ke kan dutsen bayan gari, jan rufin rumbun gidan Amirault kuma ya ɓuya a bayan dogon ginin fitilar jirage. Nan za a jefa igiya mai darma. In ta taɓa ƙasa a gaba goma sha huɗu, to an hau tudun, lobsta kuwa a wurin kamar tururuwa a bakin buhun sukari. Anselme yakan ce tudun kamar saniya yake a kwance, da tozo da wuya da komai. Wa ya gani balle ya ƙaryata shi?

Da ta isa aure ta zaɓi Désiré, kyakkyawa, gwanin goge. Aibinsa ɗaya: ko baho ya daɗe yana kallo sai kansa ya fara juyawa. Sau ɗaya ya bi ta teku, aka dawo da shi a kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma. Daga ranar suka raba aiki. Shi ya riƙe gida, ya gyara tarkuna, ya reni 'ya'yansu uku, ya zama wanda duk garin ke sallama wa wajen gasa râpure, gurzajjen dankali da kaza, har mata kan aiko a tambayo musu sirrinsa. Ita ta riƙe sitiyari. Gari ya yi surutu na shekara biyu, ya gaji, ya bari.

Abokin faɗanta na dindindin shi ne Ulysse Comeau, mijin yayarta marigayiya, tsoho ɗan saba'in da huɗu mai murya kamar ƙahon jirgi. Ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Shi ya ce kakansa ya gano tudun, ita ta ce kakansa ko tafkin bayan gidansu bai gano ba sai da aka nuna masa.

Haka ake zaune har shekarar da laka ta cike bakin tasha. In ruwa ya janye, jirage sukan zauna a kan taɓo kamar agwagi, a yi ta jira sai ya dawo. Masunta suka rubuta takarda, suka sake rubutawa, har hukuma ta yarda za a yashe tashar. Saura magana ɗaya: lakar da za a kwaso, cikin babban jirgi sau ɗari huɗu, ina za a zuba ta a teku ba tare da an ɓata wa kowa abinci ba?

Wannan tambayar ce ta kawo Lorne MacAskill, ma'aikacin wani ofishin tsara amfanin teku a Halifax. Dogo ne siriri mai furfura, tabarau a goshi wani kuma a hanci. Shekara ashirin da biyu yana aiki ɗaya: sasanta taswirori. Ofisoshi bakwai ke da hannu a wannan ruwan, kowanne da tasa taswirar da nasa ma'aunin. A ta masu hanyar jirage gadar tasha tana nan, a ta ƙaramar hukuma ta matsa taku hamsin cikin ruwa, a ta masu kula da tsuntsaye kuwa babu ita sam. Lorne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da lallami da roƙo da kai musu biskit, har suka yarda suka ba shi bayanansu ya daidaita su a kan ma'auni guda. Abin da ya rage masa shi ne na masunta.

A watan Yuni, bayan an rufe kamu, ya tara kyaftin ashirin da uku a zauren coci. Ya raba wa kowa taswira da jan alƙalami, ya rataya labule a kusurwa kamar ranar zaɓe.

"Kowa ya shiga shi kaɗai," in ji shi da Faransancinsa na makaranta mai ɗingishi, don shi ne yaren garin. "Ku zagaye mini wuraren da kuke zuba tarko. Ba suna, ba sa hannu. Ni kaɗai zan gani."

Ozite ta shiga bayan labule, ta dubi tudun ubanta a takarda, ta ji kamar an ce ta tuɓe a kasuwa. Ta nuna wa gwamnati? Gobe a buga a jarida, jibi jiragen masuntan garin Yarmouth su cika wurin? Ta yi lissafi a ranta: cikin mutum ashirin da uku ai ba a rasa wawa ɗaya da zai faɗi gaskiya. Ga Ulysse ma, bakinsa ba ya rufuwa ko yana barci. Gaskiyar mutum ɗaya ta isa ta kare tudun, ita kuma ta fita da mutuncinta. Sai ta kai alƙalami can gabas, kan wani fili da suke kira Farantin Yashi, inda ko kifin da ya ɓata hanya sai ya yi guzuri, ta zana ƙaton da'ira, har da gyara masa gefe don ya yi kyau.

A bakin ƙofa ta ci karo da Ulysse.

"To, Ƙanwa, kin zana?"

"Gaskiya tsirara. Kai fa, Mijin Yaya?"

"Ni da nake dab da kabari zan yi ƙarya a zauren coci?"

Suka jinjina wa juna kai, kowa ya tafi yana yi wa ɗan'uwansa dariyar wauta a ciki.

A watan Satumba Lorne ya dawo da na'urar haska bango, fuskarsa kamar ta ango. Zaure ya cika, har Fada, limamin cocin, ya zo ya zauna a baya da kofin shayi. Lorne ya fara ɗora bayanai ɗaya kan ɗaya a jikin farin bango: ga hanyar jirgin fito da shuɗi, ga wayar da ke kwance a ƙarƙashin ruwa da baƙi, ga inda manyan kifaye ke ratsawa da damina, ga ciyawar da ƙananan kifaye ke ɓuya a ciki da kore. Duk sun zauna daram, babu mai hawa kan wani. Sannan ya dafa ƙirji.

"Yanzu ga naku. Jama'a, sai na gode muku. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa ganin bayanai sun yarda da juna haka ba. Mutum ashirin da uku, baki ɗaya!"

Ya danna. Farantin Yashi ya yi jajir kamar an yanka sa a kansa, da'ira kan da'ira, ashirin da uku cif. Can yamma kuwa, daidai kan tudun, wani gurbi fari tas, ko ɗigon ja babu.

"Kun ga nan?" Ya ɗora sandarsa a tsakiyar farin. "Allah ne ya ajiye mana shi. Ba hanyar jirgi, ba waya, ba ciyawa, ba mai kamu. Mun ma tura jirgi a watan Yuli ya duba, ko gora ɗaya na alamar tarko bai gani yana yawo a kan ruwa ba. Nan za a zuba lakar."

A watan Yuli! Lokacin da tarkunan garin kaf suke jibge a bayan gidaje suna shan rana.

 Ulysse, da ya kurɓi shayi, ya manta yadda ake haɗiya, ya tsaya da kumatu a kumbure. Kowane kyaftin ya juya ya dubi na kusa da shi, kallon nan na "ashe kai ma?" Ozite ta dubi ja, ta dubi fari, ta dubi kumatun Ulysse. Wani abu ya taso mata tun daga cibiya. Ta toshe baki da hula, abin ya fito ta hanci. Kafin a ce me, dariya ta kwashe ta, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa dirshan tana dukan katako da tafin hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wawa ɗaya!" take cewa tana shessheƙa. "Wawa ɗaya tak na nema a garin nan, Allah bai ba ni ba!"

Nan Ulysse ya fesar da shayin a ƙeyar na gabansa, zaure ya ɓarke. Manya-manyan maza masu gemu suna riƙe ciki, wani yana dukan bango, Désiré ya jingina da matar maƙwabci ba tare da ya sani ba. Lorne ya tsaya da sanda a hannu, yana 'yar dariyar wanda bai san ko da shi ake ba.

Ozite ta dafa kujera ta miƙe, ta share ido. Abin da za ta yi yanzu ba ta taɓa yin sa ba.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Ƙarya na yi maka. Farin nan da kake nunawa, shi ya gina gidana, shi ya kai 'ya'yana makaranta. In ka zuba masa laka ka binne garin nan da rai. Jan nan kuwa, na rantse ko takalmin roba ban taɓa kamawa a wurin ba." Ta juya ga jama'a. "Duk wanda ya yi abin da na yi ya ɗaga hannu, kada ku bar ni ni kaɗai a rana."

Hannaye ashirin da biyu suka tashi a hankali, na Ulysse a ƙarshe, shi ma rabi.

Daga baya Fada ya yi gyaran murya. "Ranar Asabar zan buɗe ɗakin furta zunubi tun da hantsi. Ku zo da kujerunku, layi zai yi tsawo."

Lorne bai yi dariya ba wannan karon. Ya zauna a gefen tebur, ya cire tabarau na hanci, ya sauko da na goshi, ya sake cire shi. Ya ce ya riga ya aika wa ofisoshin nan bakwai taswirar, har da wasiƙar yabon mutanen Havre-Zidore. Mako uku ya rage a sa hannu a kan shirin zuba lakar. Baki kawai ba zai janye ta ba, sai da wasu bayanan na gaskiya, masu lamba, waɗanda suka dace da juna. Ozite ta dube shi, kunya ta kama ta, don ta ga mutum ne da ya ɗauki aikinsa kamar yadda ta ɗauki nata.

"Gobe da azahar ka zo gidana," ta ce. "Kowa ya kawo abin da yake da shi. Désiré, a gasa râpure tire uku."

Washegari ɗakin girkinta ya koma kasuwa. Wani ya zo da littafin kakansa da ruwan gishiri ya cinye rabi, wani da bayan kwalin taba, wani ya ciro na'urar jirginsa ɗungurungum da wayoyi suna reto. Kafin a buɗe komai Ozite ta kafa sharaɗi biyu. Na farko, ba za a nuna wurin kowa ɗaiɗai ba: a yanka teku gida-gida kamar dara, kowane gida mil guda, a ce dai ana kamu a wannan gidan, kada a ce wa ko a wace kusurwa. Na biyu, ba hannu ɗaya ke miƙawa ba.

"Mun buɗe maka tukunyarmu, kai ma ka buɗe mana taka. Duk abin da ofisoshin nan bakwai suka sani game da ruwanmu, mu ma mu gani."

Lorne ya ce na farko mai sauƙi ne, na biyu sai ya roƙa. Suka tafa.

Ashe faɗin gaskiya ya fi ƙarya wuya. Rikicin farko a kan suna aka yi. Tudun nan ɗaya, Ozite ta ce Tudun Anselme, Ulysse ya ce Tudun Comeau, mutanen ƙetaren rafi suka ce Tozon Saniya, wani kuma ya ce shi a gidansu Asusun Kaka ake ce masa. Lorne ya rubuta wurare huɗu, sai da aka yi awa guda ana musu kafin ya gane wuri ɗaya ne. Da ya murmure, sai ga Baƙin Dutse: kowa ya san shi, kowa yana kamu a gefensa, amma da aka ce a nuna, yatsu suka tafi wurare uku daban.

"To wanne ne Baƙin Dutsen?" in ji Lorne.

"Duka," in ji Ulysse. "Ai duk baƙaƙe ne."

Sai zurfi. Ɗaya ya ce tudun goma sha huɗu ne, ɗaya ya ce tamanin da huɗu, ɗaya ya ce ashirin da shida, aka fara zagin iyaye. Ozite ce ta gano bakin zaren, ta buga cokali a tukunya: na farko da gaba yake awo, na biyu da ƙafa, na uku sabuwar na'urarsa da mita take magana. Duk abu guda suke faɗa. Lorne ya yi tsalle ya rubuta. Bai gama murna ba wani ya ce shi goma sha shida yake samu, kuma da gaba yake awo.

"Da wane lokaci?" in ji Lorne.

"Lokacin da na isa mana."

"Ruwa a cike ko a janye?"

"Yallaɓai, wa ke tambayar ruwa?"

Lorne ya kifa kai a kan tebur, kusa da tiren râpure. Désiré ya turo masa kwalbar maɗi ya ce ya zuba a kai ya ci, komai zai warware.

A rana ta uku aka zo kan lambobin Ulysse. Tsohuwar na'urarsa tun ta zamanin samartakarsa ce, irin mai karɓar sigina daga turakun gaɓa, kuma ya ƙi canza ta don wai sababbin suna kai rahoto. Lorne ya shigar da lambobin tarkunansa na kusa da gaɓa a kwamfuta, kowa ya sunkuyo. Ɗigo goma sha biyu suka fito reras, ba a ruwa ba, a doron ƙasa, taku ɗari uku daga gaɓa, cikin lambun dankalin Léonie Amirault, bazawarar da ke bayan fitilar jirage.

Ozite ta miƙe a hankali, ta riƙe ƙugu.

"Mijin Yaya. Tarko goma sha biyu a lambun Léonie?"

"Na'urar ce! Ma'auninta daban ne, shi ma ya faɗa!"

"Haka ne," in ji Lorne da sauri. "Tsohon ma'auni ne, in aka matsar da..."

"Yallaɓai, kai baƙo ne, bar mu da shi. Kullum Laraba motarsa tana ƙofar lambun nan, ya ce mana ƙwai yake saye. Mutum ɗaya, ƙwai tire guda duk mako? Ashe tarko ake zubawa! To an yi kamu, ko ruwa ya mutu?"

Ulysse ya yi ja har kunnuwa, ya ɗauki hularsa zai fita, aka riƙo rigarsa. Da ya ga ba mafita, ya zauna ya ce to, tun da har kwamfuta ta sani, shekara huɗu ke nan yana neman ta, kuma Léonie ce ta ce a bar maganar aure sai an yashe tasha. Ɗakin girki ya kusa rushewa. Désiré ya ɗauko goge daga kan firiji, aka ture tebur gefe, aka taka rawa da rana tsaka, Lorne a tsakiya yana ɗaga dogayen ƙafafunsa kamar zalɓe, kwamfuta a rungume a ƙirji don kada a taka ta. Ozite ta yi rawar tana hawaye kaɗan, don ta tuna yayarta, kuma ta san da tana nan ita za ta fi kowa tsokanarsa.

Da aka nutsu, Lorne ya matsar da lambobin zuwa sabon ma'auni, ɗigon nan goma sha biyu suka yi tsalle suka koma ruwa, aka yi musu tafi.

Saura na Ozite, ita kuwa ba ta da lamba ko ɗaya. Na'urar jirginta don hazo kawai take kunna ta. Ta karanto masa hasumiya da dogon itace da jan rufi. Lorne ya leƙa ta taga ya dubi dutsen bayan gari.

"Kyaftin, ban ga itace ba."

"Ai guguwa ta kayar da shi shekara talatin da suka wuce."

"To da me kike daidaitawa?"

"Da inda yake mana. Don ya faɗi sai in manta wurinsa?"

Babu yadda za a shigar da itacen da babu shi a kwamfuta, don haka ta ce ya zo su je. A hanyar tasha ya faɗa mata a kunne cewa shi fa bai taɓa hawa wannan ruwan ba, a takarda kawai ya san shi. Ta tanadar masa bokitin amai. Bokitin bai yi aiki ba. Mutumin ya tsaya a goshin jirgi iska tana kaɗa furfurarsa, yana kiran sunan kowane tsibiri da kowane dutse tun kafin ta nuna, yana ihu kamar mai gaishe da dangin da ya daɗe yana yi wa wasiƙa. Ya cinye guzurinsa, ya cinye nata. Ita kuma ta ƙanƙance ido, ta jera hasumiya da itacen da babu, ta ɓoye jan rufi a bayan fitila, ta kashe inji.

"Nan."

Ya dubi na'urarsa, ya dubi zurfi. Gaba goma sha huɗu. Ta zagaya da shi gefen tudun kaf, tana cewa nan ne wuya, nan ne tozo, yana danna lamba.

Kwana biyu kafin wa'adi ya aika sabuwar taswira, da wasiƙar da ya ce ita ce mafi wuyar rubutawa a rayuwarsa. Aka karɓa. Da aka zo neman inda za a kai lakar kuwa ba a sha wahala ba, don mutum ashirin da uku sun shaida, wannan karon da rantsuwa, cewa Farantin Yashi ba ya ciyar da kowa. Masu kula da halittun ruwa suka je suka duba suka tabbatar, can aka zuba ta.

Lorne bai manta da sharaɗi na biyu ba. A farkon Nuwamba ya dawo zauren coci da abin da ya roƙo: hoton ƙasan teku, wanda wani jirgin bincike ya auna da sauti shekarun baya, aka ajiye a wani ofishi ba wanda ya tambaya. Ya haska shi a bango, kamar an kwashe ruwan an bar ƙasa tsirara. Ozite ta taso ta zo gab da bango. Ga tudun. Ga tozo, ga wuya a miƙe, ga ƙafafu a naɗe. Saniya ce a kwance. Ubanta, mutumin da bai taɓa ganin wurin ba sai da igiya da darma, ya faɗi kamanninsa daidai. Ta ɗora tafin hannu a kan tozon, haske yana kan yatsunta.

Sauran kyaftin ɗin kuwa ba saniyar suke kallo ba. Mil biyu kudu da ita akwai wani dogon tudu mai duwatsu da ramuka, irin gidan da lobsta ke so, wanda babu kakan da ya taɓa ambatarsa. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai yana hamma.

"Wannan ai ba komai," in ji Ulysse. "Laka ce."

"Ɓata mai ne zuwa can," in ji wani.

Ozite ta dawo kujerarta ta ce da ƙarfi, yadda na baya ma zai ji, "Désiré, ka ƙara mini igiya a tarkuna, bana zan gwada wuri mai ɗan zurfi."

Ranar Litinin ta ƙarshen Nuwamba aka buɗe kamu. Rana tana ɓullowa jirage suka fita ta sabon bakin tasha mai zurfi, tarkuna jibge har sama, iyalai a kan gada suna ɗaga hannu, Léonie a cikinsu da sabon zobe. Ozite ta miƙe kudu gadan-gadan, sauran suka rufa mata baya, kowa yana ƙure inji. Da suka yi nisa ta sassauta kamar injinta ya shaƙe. Suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya suna yi mata ba'a, Ulysse har da busa ƙaho. Jirage ashirin da biyu suka cunkushe a kan sabon tudu, igiyoyi suka sarƙe, rediyo ya cika da ashar.

Ita kuwa ta juya sitiyari a hankali ta koma kan saniyar ubanta, ta tarar da ita fayau, ba goran kowa. Ta zaɓi tozo, ta zaɓi wuya, ta shimfiɗa tarkunanta yadda ta ga dama tana waƙa. Kwana shida ta yi ita kaɗai a wurin kafin su warware igiyoyinsu su dawo, kowa da kumburarren baki. Sabon tudun ma daga baya ya yi albarka, har ya rage cunkoso a tsohon, aka kuma sa masa suna guda ɗaya tak tun kafin a samu na biyu: Tudun Lorne. Shi da kansa ya rubuta shi a taswira, da ƙananan baƙaƙe, don kunya.